Tsaki a Tsakar Dare

Tun la'asar na kafa ta a rufin wani bene a Kabala,
ƙafa uku, na rataya mata jakar yashi
don kada iskar kogi ta sa ta rawa.
Na ce mata: duk daƙiƙa shida ki ƙifta sau ɗaya
har gari ya waye.
Gobe in na jera ƙiftawar nan
motocin kan gada za su zama igiyar wuta,
gajimare su ruga kamar an aike su.

Ƙarfe ɗaya na leƙa allo.
Sama ta cika da tsaki.

Na san taurarin Kaduna,
fitilun gari sun daɗe da cinye rabinsu.
Wannan ja ne da kore,
yana warkajami kamar kiyashi a bakin gwangwanin madara,
daidai inda na bar baƙi ya kwanta.

Ishaku ya ce raɓa ce a gilashi. Na goge.
Ya ce kati ne. Na sauya.
Ya ce, to mutanen ruwa ne suka fito kallo.
Muka yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Na sauko da ISO daga dubu uku da ɗari biyu
zuwa ɗari takwas,
na buɗe bakin gilashi iyakarsa,
na bar kowace ƙiftawa ta daɗe tana shan haske.
Tsakin ya lafa, amma bai tafi ba.
Ga kuma wani ɗigo ja
ya tsaya cak a saman tankin ruwan maƙwabta.
Wata ya gusa, taurari sun gusa,
shi ko gezau,
bai san akwai yamma ba.

Sai na ɗora tafin hannu a bayanta.
Zafi rau, kamar goshin ɗana daren da ya yi masassara.
Awa takwas tana zare ido,
fankar cikinta kuwa ni na kashe da hantsi
a Unguwar Rimi, muna ɗaukar hira,
don kada ƙararta ta shiga maganar mutane.
Na manta.

Barau na Kasuwar Barci,
wanda na fara riƙe sukundireba a shagonsa,
in aka kawo masa talabijin mai yayyafi
ba ya hawa rufi neman eriya.
Zare waya yake yi tukuna,
ya ga me akwatin ke faɗa in ba kowa.

Na kunna fanka. Na jira jikinta ya daidaita.
Na rufe mata ido da murfi,
na yafa rigata a kai,
na ce ta auna baƙinta.
Minti biyu tana kallon duhun da ba na kowa ba sai nata,
tana ƙirga tabonta ɗaya bayan ɗaya
tana rubutawa,
don ta riƙa cire su daga abin da za ta gani.
Ni ma na runtse ido ina jira.
Ashe nawa duhun ma da tsaki a ciki.

Biyu da rabi na buɗe.
Sama wankakkiya, tanki ba tauraro.

Amma hotuna dubu huɗu da ɗari takwas
suna kwance a kati da ɗigonsu,
har da faɗuwar ranar da ba za a sake yi mini ba,
wadda ta bi ta bayan gada kamar manja.
Ishaku ya ce bar shi, wa zai lura?
Ya tada kai da akwatin gilasai, ya yi barci.

Na zauna ina korar sauro, ina jin ta:
ƙit.
Sai shiru, sai kwaɗi.
ƙit.
Batir saura kashi goma sha tara,
asuba saura awa biyu,
wani mai kwalekwale ya kunna tocila a tsakiyar ruwa,
na matso da fuska jikin allo
in tabbata nasa ne.