Mabuɗi a Nkwo Nnewi

Shekara bakwai ke nan
da uwata ta miƙa ni da leda ɗaya,
wando biyu a ciki, da gasasshiyar doya.
Ta ce, "Oga Nwokedi, ga Okwudili.
Kunnensa na ji, hannunsa ba ya ƙaiƙayi."
Ba takarda, ba sa hannu.
Goro aka fasa, dattawa huɗu suka tauna,
magana ta ɗauru.

Na kwana a kan kwalayen fistin,
na tashi da warin giris har cikin haƙora.
Na wanke motar da ban taɓa zama gabanta ba.
Na koyi gane boris na gaske da jabu
daga ƙararsa in ya faɗi a siminti,
na koyi hana bashi da murmushi
har mai nema ya tafi yana godiya.

Ran da wani mai bakin zuma
ya yi gaba da katan uku na fulogi,
na tsaya jiran mari.
Oga ya ce, "Kuɗin makarantarka ke nan.
Nawa ya fi naka tsada."

A shekara ta shida na ga Ezenwa na layin baya,
saura wata biyu a sallame shi,
ubangidansa ya rataya masa satar da bai yi ba.
Ya fita da ledar da ya shigo da ita.
Daren nan ban runtsa ba,
ina ƙirga kwanakina kamar canjin da bai cika ba.

Jiya, bayan an tashi daga coci,
a tsakar gidanmu, ƙarƙashin bishiyar kwakwa,
Oga ya zuba wa magabata bammi a ƙasa,
ya buɗe tafina, ya sa mabuɗi.
Shagon na kallon nasa,
kwata ce kawai tsakani.

Na ce, "Oga, ai zan janye maka ciniki."
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Wanda ya buɗe mini nawa,
mu goma sha ɗaya muka ɗauki gawarsa,
kowa da mabuɗi a aljihu."

Yau da safe ƙwaɗon ya yi gardama,
ina fama da shi
sai na ji tari a bayana.
Wata mata ce, laimarta a karye,
da yaro, ƙafarsa duk jan laka.

Ban dubi fuskarsa ba tukuna.
Ledar na fara duba.