Igiyar Fresia

Shekara arba'in da ɗaya ina dako a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
buhun alkama, akwatin inabi, ƙarfen da ya fi ni nauyi,
ban taɓa cewa wayyo ba.
Amma takarda guda mai layi uku da hatimi
sai ta kashe mini gwiwa.

Fresia ce mai wannan fage.
Ni in kawo albashi, ita ta san inda kowane peso zai kwana.
Takardar wuta, ta ruwa, harajin gida,
rasit ɗin mai gas da ke kaɗa tukunyarsa a gindin tudu,
duk suna cikin gwangwanin biskit mai hoton jirgi
wanda murfinsa ya daina rufuwa tun Millaray tana rarrafe.

Sai ido ya fara yi mata rowa.
Likita ya ce yana ce, a jira layin aiki.
Wata uku ina cusa ambulan ƙarƙashin rediyo,
ina ajiye garwashi a aljihu,
har ranar da aka yanke mana wuta.
Muka sha romon kifi a duhu, cokali na laluben baki.
Ta ce, "Nolberto, ni duhu ya zama maƙwabcina,
kai ne baƙo."

Da gari ya waye ta sa na ɗaura igiya
daga ƙusar taga zuwa ƙofar kicin.
"Takarda wanki ce," in ji ta.
"Ka tara ta a jiƙe, ta yi maka wari. Shanya ta."
Ta yi ƙulli biyu a jikin igiyar, don yatsunta su karanta.
Kafin ƙullin farko, abin da ke jiran kuɗi.
Tsakiya, abin da ke jiran amsa daga ofis.
Can wajen taga, abin da ya bushe, a ninke a adana.
"Na talla fa, da gaisuwar banki?"
"Murhu ma yana jin yunwa."

Kowace Litinin, bayan shayin yamma,
ina karantawa da ƙarfi kamar ɗan aji biyu,
ita tana tare ni: "Kwanan watan fa? Fara da kwanan wata.
Sauran duk surutu ne."

Ranar da na sauka ofishin fansho
a ɗan akwatin ƙarfen nan da ke zurara daga tudu yana kuka,
matar da ke bayan gilashi ta nemi takarda huɗu.
Na miƙa huɗu.
Ta dube ni, na dube ta.
Na fito ban san abin da zan yi da ragowar yinin ba,
sai na sayi lemo.

Daren da ƙasa ta girgiza,
kofuna suka yi tsalle, gwangwanin ya faɗo yana ƙara, fanko.
Igiyar ta yi lilo, takardun suka kaɗa fukafukai,
ko ɗaya bai faɗi ba.
Abu ɗaya ya fito daga gindin gwangwanin, manne da tsatsa:
wasiƙar da na rubuta mata ina ɗan ashirin da uku,
kuskure bakwai a layi biyar.
Da baki ta amsa a lokacin, ba ta taɓa rubutawa ba.
Na maƙala ta a tsakiya.

Bayan aiki, da aka cire mata auduga,
ta bi igiyar da ido, ba da yatsa ba.
Ta tsaya. Ta karanta. Ta daɗe.
Ta zare wasiƙar, na zaci wajen taga za ta nufa,
sai ta mayar da ita kafin ƙullin farko, kusa da takardar ruwa.
"Wannan," in ji ta, "ba ka gama biya ba."