Alli Fari, Alli Ja

A Gadarif, cikin makarantar da yaƙi ya mai da masauki,
iyali arba'in da ɗaya muke,
daga Madani, daga Sinja, daga Mai Wurno,
kowa da abin da hannunsa ya iya sunguma.
Ni aji huɗu aka ba ni, kusurwar taga.
Shekara talatin ina tsayuwa gaban allo irin wannan,
yau ƙarƙashinsa nake shimfiɗa tabarma.

Tanki ɗaya ne. Mai jaki ke cika shi da hantsi.
Kafin azahar an fasa jarka biyu,
an ambaci uwar wani.
Ba hakimi, ba ɗan sanda, ba mai cewa a bari.

Da dare barci ya ƙi, sai wani darasi ya dawo mini,
shafi ɗaya da rabi da yara ke hamma a kansa:
Wesali, can ƙasar Hindu, a zamanin Buda,
garin da ya ƙi ɗora kansa a tafin mutum guda.
Zaure suka gina, ba fada ba.
A buga ganga su taru. In baki ya rabu
a fito da tsinkaye masu launi,
kowa ya zari nasa, a ƙirga.
Ban ɓoye wa kaina sauran ba:
masu asali ne ke zama a ciki,
bawa da mai ɗebo ruwa daga waje suke jin hayaniyar.

Da safe na bugi ƙarfen tara ɗalibai.
A durowar shugaban makaranta na tsinci alli,
fari da ja, ɓera ya ɗanɗana ya bari.
Na ce: jarka biyu kowane gida.
Batula mai shayi ta miƙe, goyonta na tari:
"Ustaz, gida ba ya jin ƙishi. Maƙogwaro ke ji.
A ƙirga kawuna."
Jibir direba ya ce, "Har mata za su jefa?"
Ta ce, "Wuyan wa ke ɗaukar jarkar?"
Ba wanda ya ƙara tari sai goyon.

Fari nawa, ja nata.
Tulu muka rufe da mayafi, kowa ya cusa hannu.
Yaro ɗan shekara tara ya ƙirga, don ba shi da abokin gaba.
Ja hamsin da biyu.
Fari talatin, har da nawa.

Ni da na kawo darasin!
Kwana biyu ban amsa gaisuwarta da kyau ba.
Yanzu rabona gora uku, na koyi alwala da tafi ɗaya,
kuma ba a sake fasa jarka ba.

Amma akwai ƙarshen shafin.
An ce ba giwayen yaƙi suka fara cin Wesali ba.
Sarkin maƙwabta tsoho ɗaya ya aika, mai laushin harshe,
ya ja wannan gefe ya yi masa raɗar banza
don wancan ya gani, ya kwana yana tambayar kansa.
Shekara uku yana saƙa.
Ranar da aka buga ganga, kowa ya ce wani ya je.

Jiya wani ya shigo, jallabiyarsa ba ta san layin ruwa ba,
rajista a hammata.
Ya ja Jibir bayan bishiyar maina.
Na ji "shugaba", na ji "kati", sauran iska ta kwashe.
Batula na fifita gawayi, idonta na can.

Gobe Alhamis, ranar zama.
Allin ya guntule, yara na sata su zana jirage a bango.
Zan bugi ƙarfen bayan la'asar.
Wannan karon ba launi zan ƙirga ba,
takalma zan ƙirga a bakin ƙofa.