Kalma Biyu a Lamingo

Shekara talatin ina aurar da mangwaro
a bakin dam ɗin Lamingo,
ban san sunan aikina da Turanci ba
sai jiya, da Zuwaira ta dawo daga kwalejin gandun daji,
littafi a hammata, rigar sanyi har wuya.

Ta tsaya tsakanin layin lemo da na fiya,
ta ce, "Baba, nan wurin nasare ne."
Na ce, "A'a, nasare tana Dogon Dutse,
inda nake biya wa ɗan Habu kuɗin zango,
su rera waƙa, su ci biskit, su yi barci."
Ta yi dariya har littafin ya faɗa cikin taki.
Wai kalmar ɗaya ce,
inda ake renon yara, inda ake renon itace.

Na dubi baƙaƙen ledoji dubu biyu,
kowace da ɗan koren kai a sama.
To, Bature bai yi ƙarya ba.
Su ma ba sa son ranar tsaka.
Su ma sai sun sha kafin in karya.
Wanda ka yi wa sakaci na mako guda
zai faɗa maka da ganyensa.
Ranar kuwa da mota ta zo daga Abuja ta kwashe su
nakan tsaya kamar uwa a bakin get,
ba na ƙirga kuɗin
sai motar ta sha kwana.

Ta karkaɗe takin, ta buɗe wani shafi.
"Wannan da kake yi da wuƙa, girafti ne."

Girafti.
Na juya ta a baki kamar ƙwallon goruba.
Mu aure muke cewa.
Ka sami ɗan gargajiya mai zare, mai tsami,
wanda saiwarsa ta san dutsen garin nan,
ka sare kansa, ka tsaga,
ka feƙe reshen binta siga kamar alƙalami,
ka zura, ɓawo ya sadu da ɓawo,
ka ɗaure da leda kada ruwa ya shiga.
Ɗaya ya ba da ƙafa, ɗaya ya ba da zaƙi.
Ba a kiran liman.

Ta ce likitoci ma suna faɗin ta.
Na tuna Dachung mai tumatir,
da salansar mashin ta cinye masa ƙauri,
aka yanko fata a cinyarsa aka liƙa,
ga shi yau yana tsalle a kan kwalbati.
Na ce wannan na gane, ɗan'uwan aikina ne.

Sai ta yi shiru, yatsa a kan layi.
"Akwai ta uku, Baba. Wai cin hanci."

Na ajiye wuƙar.
Yaya za a haɗa hannuna
da hannun mutumin nan mai jar hula
da ke zuwa ƙarshen wata da jaka, ba rasit?
Shi ma yana maƙalewa a jikin wani, gaskiya ne,
shi ma yana shan ruwan da bai haƙa ba.
Amma wannan a wurinmu kauci ne,
tsuntsu ke kawo shi a kashi,
ya yi kore shar a kan reshen da ke mutuwa.
Mu mun raba musu suna tun kaka.
Harshen da ya zuba su a ƙwarya ɗaya
ko bai taɓa hawa bishiya ba,
ko ya san abin da ban sani ba.

Hadari ya taso ta bayan duwatsun Shere.
Na miƙa mata wuƙar, ƙota a gaba.
Yankanta na farko ya karkace,
na biyu ya ci ɗan yatsa.
Na uku muka ɗaure.
Ta ce, "Ya kama?"
Na ce littafin bai faɗa ba?
Ki dawo bayan sati uku.