Ranar Ƙwayoyi Biyu

Ba majalisa ce ta kafa ta ba,
ba wanda ya yanka ƙyalle da almakashi.
A Hull aka haife ta, bayan tashar bas,
a ƙaramin asibitinmu mai rufin da ke yoyo,
wata Talata cikin Fabrairu
da ruwa ya ƙi ɗaukewa tun Lahadi.

Mu tara ne ma'aikata, mura ta kwantar da biyar.
Ni Tasalla na zo da hanci kamar famfo,
na tarar da Maureen gaban teburinta
ta yi tagumi da hannu biyu.
Wai saƙo ya shigo da sunan kamfanin lantarki,
ta taɓa shi sau ɗaya,
sau ɗaya tak, kamar musabaha,
sai allon ya rine ja,
ya kulle sunayen majinyatanmu kaf
yana neman kuɗin fansa.

Aka kira Declan mai gyara.
Ya iso da la'asar, jaka a kafaɗa, yana tari.
Na ce, "Ƙwayar cuta ce a ƙirjinka."
Ya nuna kwamfutar da haɓa: "Ita ma."
Na sa masa ma'aunin zafi ƙarƙashin harshe,
ya soka wa na'urar nasa a haƙarƙari,
muka zauna jiran sakamako biyu.

Tsoho Hargreaves, mai ji da kunne ɗaya,
ya ɗaga sandarsa daga benci:
"'Yata, in na wanke hannu da sabulu
kafin in taɓa wayar jikata, ta tsira?"
Dariya ta ƙwace mana
har tari ya karɓe ta daga bakinmu.

Amma a bas, da dare, tambayar ta bi ni.
Abin nan ba shi da ƙafa, mu ne ƙafarsa.
Ba ya haura katanga,
sallama yake yi da muryar wanda ka sani,
kai da kanka za ka shimfiɗa masa tabarma.
Sai bango ya tsage, in ji mutanenmu,
ƙadangare ke samun wurin shiga;
mu kuwa tsagarmu yarda ce,
kuma wa zai rayu ba yarda?

Da safe na ɗauki jan biro,
na zagaye ranar a kalandar ɗakin shayi.
Declan ya rubuta a ƙasa: baɗi ma.

Baɗi ta zo. Muka ari zauren unguwa,
tebur biyu, mutum goma sha ɗaya,
uku cikinsu biskit ya kawo su.
Nawa teburin sabulu da zancen allura,
nasa roƙo: don Allah,
a daina sa sunan kyanwa a kalmar sirri.
Maureen ta miƙe, murya na rawa,
ta ce, "Ni ce na taɓa."
Aka tafa mata fiye da kowa.

Hargreaves bai ga ta uku ba.
Sanyin Disamba ya sauka masa a huhu.
Jikarsa ce ke zuwa yanzu,
ita ke jera kujeru,
ta kan ajiye wayarta gefen kwanon ruwa,
ta wanke hannu a hankali, yatsa bayan yatsa,
kafin ta ɗauka.