Marin Ƙarfe Biyu na Dare

Ni ke shara a ɗakin maza, asibitin Maamobi.
Shekara goma sha ɗaya ina jan bokiti tsakanin gadaje,
na san tarin kowa ko ban waiwaya ba.

Daren Laraba wuta ta ɗauke.
Sista Lariba ta danne waya da haƙora tana haskawa,
tana lalubar jijiyar wani dattijo daga Nima,
hannu busasshe kamar karan dawa.
Ɗansa ya faɗo ɗaki ba sallama,
wai an yar da ubansa tun magariba.
Ba ta samu bakin amsawa ba,
mari ya sauka.
Haske ya mirgina ƙarƙashin gado.

Mai nishi ya daina nishi.
Ta durƙusa, ta ɗauko wayar, gilashi ya tsage,
ta koma kan hannun nan.
A karo na uku jijiya ta yarda,
ruwa ya fara ɗiga.
Na ce a raina: mai kai wa ƙishi ruwa,
ita aka fasa wa tulu.

Da safe, mai koko na zuba wa mutane a bakin ƙofa,
babbarmu ta ce: yi haƙuri, haka aikin ya gada.
Haƙuri!
Mun sha shi ba sukari har harshe ya mutu.

Ni na ɗauko littafin.
Bokona bai kai ya kawo ba, amma na iya sa hannu.
Lariba ta rubuta rana, ta rubuta sa'a,
ta rubuta kuncin hagu.
Mai tura gado ya dangwala yatsa.
Adjoa ta ɗakin magani, da ba ta jin Hausa,
ta karanta shatin yatsu biyar, ta sa sunanta.

Sai da wata uku suka shuɗe.
Yanzu akwai mai gadi a ƙofa har asuba,
akwai ƙararrawa ƙarƙashin tebur,
ba a barin mace ɗaya da gado ashirin.

Dattijon ya warke.
Ranar sallama ya riƙe wuyan hannunta, ya kasa magana.
Ɗan ya tsaya can wajen trotro yana kallon takalminsa.

Har yau in ka kira ta ta hagu,
sai ta juyo da dukan jikinta.