Lamba Takwas

Shekara goma sha tara Dale Thackray ya yi a tsakiyar fili,
inda masu hoto ba sa kallo.
Ya ƙwace, ya miƙa, wani ya ci,
jama'a su rera sunan wani.

Yana ɗan sha shida aka ce ya cika gajarta.
Mahaifinsa, direban bas a Barnsley,
ya ninke takardar ya sa a aljihu,
bai ce uffan ba har gida.

Daga nan sai zaman aro: Grimsby, Carlisle,
ɗakunan haya masu warin jiƙaƙƙen takalmi,
daren Talata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
'yan kallo dubu biyu da kare ɗaya.

Ƙwallo tara ya ci duka-duka.
Ta bakwai a ƙeya ta buge shi ta shiga,
bai ma gani ba.

Gwiwar hagu ce ta fara yin murabus,
shi ya bi ta a ƙarshen kaka.

Yanzu famfo yake gyarawa a gidajen mutane.
Wani lokaci, yana durƙushe a kicin ɗin da bai sani ba,
sai ya waiga ta kafaɗa,
kamar dā,
ya ga ko akwai mai tahowa.